Zauren Tambaya: Wai wa ke duba ko bashin Bankin Duniya ya yi amfani?

Jama'a assalamu alaikum. Wannan karon saƙonnin da suka shigo kusan duk kan magana ɗaya suke, bashi da tallafin ƙasashen waje, har na rasa wanda zan ɗauka da wanda zan bari. Na tsinci shida. Wasu na rage musu tsawo, don akwai wanda ya rubuto shafi uku cur rabinsa zagi ne. Masu sauran tambayoyi ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni malamin firamare ne a Gusau. Kullum a rediyo sai kaji Bankin Duniya ya amince da dala miliyan kaza, ko a watan Yunin 2024 ma munji an ba Najeriya dala biliyan 2.25, can kuma kaji ance shiri kaza ya samu gagarumar nasara. To ni dai tambayata wa yake cewa anyi nasarar? Wa ke yin makin? Don mu a aji bama barin yaro ya yiwa kansa maki.

AMSA: Malam ka sosa min inda yake min ƙaiƙayi. A taƙaice dai eh, yaron ne ke fara yi wa kansa maki, daga baya wani ya zo ya duba makin. Idan aiki ya ƙare, ma'aikatan bankin da suka riƙe shi, da bayanan da gwamnatin da ta ci bashin ta ba su, su ne ke zama su rubuta rahoton kammalawa su ce mun yi kaza mun yi kaza, su ba aikin daraja. Darajar hawa shida ce, daga "ya gamsar matuƙa" har ƙasa zuwa "sam bai gamsar ba". Daga nan rahoton ya wuce wani sashe da ake kira IEG, wanda ba ya ƙarƙashin shugaban bankin, majalisar daraktoci yake kai wa rahoto kai tsaye, kuma tun zamanin da Robert McNamara ke shugabantar bankin a farkon shekarun 1970 aka aza tubalinsa. Suna rage maki fa, ba wai ba sa ragewa ba. Sai dai yawanci a kan tebur a Washington suke karanta takardun, kaɗan ne daga cikin ayyukan ake tashi takanas a je a gani da ido.

Kuma kar ka ɗauka ba su taɓa faɗa wa kansu gaskiya ba. A 1992 wani babban jami'in bankin mai suna Willi Wapenhans ya jagoranci binciken cikin gida, ya fito ya ce ayyukan da aka kammala ba su gamsar ba sun tashi daga kashi 15 cikin 100 a 1981 zuwa kashi 37.5 a 1991, kuma dalilin da ya bayar ni a ganina har gobe bai mutu ba, wato ma'aikaci ana yaba masa ne kan yawan bashin da ya kai aka sa wa hannu, ba kan abin da bashin ya haifar ba, kafin aikin ya nuna ko zai yi 'ya'ya an riga an ƙara wa mutum girma an mayar da shi wata ƙasar.

Amma babban ramin ba ma nan yake ba. Makin ana yin sa ne a kan abin da takardar aikin ta ce za a yi tun farko. A ce takarda ta ce za a gina ajujuwa a kai malamai bita, aka gina aka kai, to an kama hanyar cin jarabawa kenan, ko da yaran da ke zaune cikin ajin har yau ba sa iya haɗa baƙi. Kai da kake riƙe da alli ka fi ni sanin nisan da ke tsakanin "an je bita an karɓi alawus" da "an iya koyarwa".

Bari in ba ka abin da na gani da idona. Na taɓa yi wa wata ƙungiya aikin tattara bayanai na 'yan makonni, ba zan kama suna ba, aka tura mu wani ƙauye duba famfon tuƙa-tuƙa. Muna isa muka tarar an share gindin famfo tas an yayyafa ruwa, allon da ke ɗauke da sunan masu tallafi an goge shi sai ƙyalli yake, mata sun jeru da bokitai ruwa na ta zuba. Muka cike fom, layin da ya ce famfo yana aiki muka sa eh. Ina komawa mota sai wata yarinya mai tallan gyaɗa, ba za ta wuce shekara tara ba, ta ce min "Kawu gobe ma za ku dawo?" Na ce me ya faru, ta ce ai saboda ku aka gyara shekaranjiya, tun lokacin girbi famfon ya mutu. Ashe roba ce kawai ta cinye a ciki, abin da kuɗinsa bai kai man da motarmu ta sha a hanya ba, amma ba wanda aka ɗora wa saye, ba makanike a kusa, kwamitin da aka kafa ranar ƙaddamarwa kuwa tun ranar bai sake zama ba. Fom ɗin nan ba shi da layin da zan sa maganar yarinyar. Na juya bayan takardar na rubuta da biro, shi kuwa mai shigar da bayanai a kwamfuta gaban takarda kawai yake dubawa.

To ka ga ni makin ranar rufe aiki bai cika burge ni ba. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. A dawo bayan shekara biyar, ran da ba a sanar da mai gari ba.

TAMBAYA: Salam Malam, ɗaliba ce daga Zariya. Ni gaskiya ina ganin kushen yana yawa. Garinmu kafin wani shiri yazo ba asibiti ba komai, yanzu yara sun daina mutuwa kamar da, mutane sun sayi waya da babura. Wannan ba hujja bace cewa shirin yayi aiki?

AMSA: Ƙanwata hujja ce, amma rabin hujja. Garin da ke maƙwabtaka da ku wanda shirin bai leƙa ba, su ba su sayi waya da babur ba? Yaransu na nan na mutuwa kamar da? In su ma sun samu sauƙi kusan daidai da naku, to ba shirin ba ne, zamani ne ya zo wa kowa. Duk harkar auna tallafi a kan wannan tambayar take tsaye, da ba a yi aikin ba da me zai faru. Kuma tambaya ce mai wuya don gari ɗaya ba ya rayuwa sau biyu.

Misalin ma a bayan gidanku yake. Pampaida, a ƙaramar hukumar Ikara, tana cikin ƙauyukan da aka zaɓa a Afirka don shirin nan na ƙauyukan ƙarni wanda masanin tattalin arziki Jeffrey Sachs ya jagoranta, an fara a can a 2006. Tunanin shi ne a zuba komai lokaci guda, taki, iri, gidan sauro, asibiti, abinci a makaranta, har gari ya fita daga talauci ya tsaya da ƙafarsa. An yi aiki kuma mutane sun amfana, wannan ba a musu. Matsalar ita ce ba a ware wasu ƙauyuka tun farko yadda ya kamata don a riƙa gwadawa da su ba. A 2012 masu shirin suka buga a mujallar likitoci ta Lancet cewa mutuwar yara a ƙauyukansu na raguwa da sauri fiye da sauran ƙasa, wasu masana suka bi lissafin suka gano kuskure, dole aka fito aka gyara. Da aka kai shirin arewacin Ghana kuwa, gwamnatin Birtaniya da ta ba da kuɗin ta sa masu bincike na waje tun ranar farko, da ƙauyukan gwaji a gefe. Sakamakon ya fito a 2018, an samu ci gaba a wasu abubuwa kamar zuwan yara makaranta da haihuwa a hannun ma'aikatan lafiya, amma talauci da yunwa, waɗanda su ne dalilin zuwan, shirin bai rage su fiye da na maƙwabta ba.

Shi ya sa wasu masana suka koma jefa ƙuri'a. A tara makarantu ko ƙauyuka masu kama da juna, ƙuri'a ta zaɓi waɗanda za a fara da su, ba ɗan majalisa ba, ba wanda ya san wani ba, bayan shekara ɗaya ko biyu a auna duka ɓangarorin. Wannan hanya ce ta ba Abhijit Banerjee da Esther Duflo da Michael Kremer kyautar Nobel a 2019. Kuma abin da ke fitowa wani lokaci sai ka riƙe baki. A yammacin Kenya an raba littattafan karatu a makarantu, kowa ya ɗauka ai magana ta ƙare, da aka auna sai aka ga yaran da dama can su ne zakarun aji su kaɗai suka ƙaru, saura ko gezau, saboda littattafan da Turanci suke, yaran kuwa Turanci harshe na uku ne a wurinsu. Wannan kam ko ba a je Kenya ba mun san shi. A gundumar Busia kuma aka ba yara maganin tsutsar ciki mai arha a makarantu 75, fashin makaranta ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, duk da makin jarabawa bai motsa ba, kuma har yau masana na ja-in-ja kan girman amfanin. Gidan sauro ma an daɗe ana cewa in ka ba mutum kyauta ba zai daraja shi ba, gara a sa ɗan farashi. Aka gwada a asibitocin awon ciki, da aka sa kuɗin da bai kai dala ɗaya ba masu karɓa suka ragu da fiye da rabi, waɗanda aka ba kyauta kuma suna kwana a ciki kamar waɗanda suka saya.

Sai dai kar ki ɗauki ƙuri'a maganin komai. Ba a jefa ƙuri'a kan madatsar ruwa ko layin dogo, balle irin tsarin tsuke bakin aljihu na SAP na Babangida a 1986 da ya hau kan ƙasa gaba ɗaya. Nan sai dai a yi ta kwatance da wasu ƙasashe, shi ya sa gardamar SAP ta kusa shekara arba'in ba ta mutu ba.

TAMBAYA: Gaisuwa daga Injamena. Ɗan kasuwa ne ni. Me zai hana masu bada bashin su kafa sharaɗi mai tsauri, kuɗi kaza asibiti kuɗi kaza makaranta, in gwamnati ta saɓa a yanke? Ai da an huta.

AMSA: Alhaji ai a ƙasarku aka yi gwajin da ya fi kowanne tsauri. A watan Yunin 2000 Bankin Duniya ya shiga aikin bututun mai daga Doba zuwa Kribi a gaɓar tekun Kamaru, kilomita 1,070. Kuɗin da bankin ya sa kaɗan ne in aka gwada da na kamfanonin mai irin su ExxonMobil, abin da ake so daga gare shi sunansa ne, shi kuma ya ce to sai da sharaɗi. Aka yi doka, mafi yawan kuɗin man zai tafi lafiya da ilimi da noma da hanyoyi, kashi 10 cikin 100 a ajiye wa 'yan baya, aka kafa kwamitin sa ido har da wakilan ƙungiyoyin farar hula, kuɗin ma ta wani asusu a Landan yake bi. A takarda wallahi abin sha'awa.

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Tun kafin ɗigon mai ya fita, daga cikin dala miliyan 25 da kamfanonin suka bayar na sa hannu, gwamnatin Idriss Deby ta sayi makamai na dala miliyan 4.5. Mai ya fara gudana a 2003. A Disambar 2005 majalisa ta sauya dokar ta rushe asusun 'yan baya, bankin ya dakatar da bashi a Janairun 2006, aka sasanta, aka sake saɓawa, a Satumbar 2008 Chadi ta biya bankin kuɗinsa tun wa'adi bai yi ba, kowa ya kama gabansa. Shi Deby hujjarsa 'yan tawaye ne, kuma kai da kake garin ka fi ni sanin hare-haren da suka kawo Injamena a Afrilun 2006 da Fabrairun 2008. Da IEG ta zo maki a 2009 cewa ta yi bututun a matsayin gini da kasuwanci ya yi nasara, amma abin da aka shiga dominsa, rage talauci da gyara mulki, bai samu ba.

Sharaɗi yana cin mutum ne muddin yana buƙatarka. Ranar da kuɗin mai ya fi naka yawa shikenan. Ko ba a kai nan ba ma, kuɗi ba shi da shaida a goshi, in ka ba magidanci dubu goma ka ce lallai ta maganin yara ce zai sayi maganin kuwa har ya kawo maka rasit, amma dubu goman da da shi zai fitar daga aljihunsa ta tafi inda yake so. Gwamnatoci ma haka. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, mai masaukin baƙin kanta galibi a kusa da kashi 5 take yawo. Akwai ma binciken da bankin da kansa ya wallafa a 2020 kan ƙasashe 22 da suka fi dogaro da tallafi, aka ga duk lokacin da aka saki kuɗi, ajiyar 'yan ƙasar a bankunan ɓoye dukiya irin na Suwizalan sai ta ƙaru, suka ƙiyasta yoyon a kan kashi 7.5 cikin 100. Ba su kama hannun kowa ba, amma biri ya yi kama da mutum.

TAMBAYA: Malam kai ma ka daina kare su. Duk yaudara ce, ba wani tallafi da ya taɓa amfanar talaka, a daina karɓa kawai. Matashi daga Kano.

AMSA: Ɗana in ka karanta amsoshin sama ka ce ina kare su to ban san me zan ce ba. Amma "ba wanda ya taɓa amfani" ɗin nan, je ka tambayi kakarka kurkunu. Ka ce ta ba ka labarin yadda ake naɗe tsutsar a jikin tsinke kaɗan-kaɗan har makonni, majiyi ƙarfi na kwance damina ta wuce shi bai je gona ba. A 1986 an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ke kamuwa a duniya duk shekara, Najeriya kaɗai ƙidayar ƙarshen shekarun 1980 ta samu sama da 650,000. Cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ta sa kuɗi, Janar Yakubu Gowon ya yi ta zaga ƙauyuka, kayan aikin kuwa ƙyallen tace ruwa ne da maganin zubawa a kududdufi da 'yan sa-kai na cikin gari. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Najeriya da Nijar sun rabu da shi, Ghana a 2015. Yanzu duk duniya masu kamuwa a shekara ba su kai ashirin ba. Agana ma haka aka gama da ita a 1980, kai ko mai zanen ta a fuska da wuya ka taɓa gani.

Ka lura da abin da ya bambanta wannan da famfon da na ba da labari? Abin da ake ƙirgawa shi ne ainihin abin da ake nema, mutum nawa ne tsutsa ta fito masa. Ba a ƙirga bita ba, ba a ƙirga Hilux ba. Har lada aka sa wa duk wanda ya kawo labarin mai kurkunu, kuma sai an shekara uku ba a ga ko ɗaya ba kafin a ba ƙasa shaida. Irin wannan makin ba a share masa gindi a yayyafa ruwa.

Wani misalin da nake so na Maraɗi ne. An kashe kuɗi mai yawa a Nijar wajen dashen itatuwa, yawancinsu rana da awaki suka gama da su. A 1983 wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsiron da manoma ke sarewa lokacin sharar gona kututturan itatuwa ne masu rai da saiwa a ƙasa, in an bar reshe biyu-uku an sassabe saura sai itace ya tashi. Manoma suka sa masa suna sassaben zamani, wannan ya koya wa wancan, musamman da suka ga itacen ya zama nasu ba na malamin daji ba. Sai a shekarun 2000 hotunan tauraron ɗan'adam suka nuna abin ya kai kadada miliyan 5, itatuwa wajen miliyan 200, gawo ya dawo gonaki a Maraɗi da Damagaram. Abin dariyar shi ne shekara da shekaru ba rahoton da ya ƙirga shi, tunda ba kwangila a ciki ba wanda aka turo ya duba.

Maganar a daina karɓa kuwa, an ɗan ɗanɗana mana a 2025 da gwamnatin Trump ta rufe USAID, hukumar tallafi ta Amurka. Waɗanda suka fara ji a jikinsu ba masu zuwa bita a otal ba ne, masu karɓar maganin ƙanjamau ne da uwayen yara masu tamowa a arewa maso gabas. Wannan ya nuna kuɗin na aiki, ya kuma tona asirin gwamnatocin da suka sakar wa baƙi abin da yake haƙƙinsu ne.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ina saida atamfa a Kantin Kwari. Ance bashin nan mai sauƙi ne kuɗin ruwansa kaɗan ne kuma sai an daɗe ake biya. To ina matsalar?

AMSA: Hajiya lafiya lau. Gaskiya ne, bashin IDA, sashen Bankin Duniya mai ba ƙasashe matalauta rance, ruwansa kaɗan ne ƙwarai in aka gwada da na kasuwa, akan ba da shekaru kafin a fara biya, biyan kuma ya ɗauki shekara talatin ko fiye. Amma ke da kike saro kaya daga waje kin riga kin san inda gizo ke saƙar, da kuɗin waje ake ci da kuɗin waje ake biya. A 2015 dala tana wajen naira 197 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Dala miliyan ɗaya da aka ci tana naira miliyan 197 ta koma sama da naira biliyan ɗaya da rabi tun ba a sa ruwa ba, harajin da za a biya da shi kuma a naira ake karɓarsa a hannunku. 'Yan'uwanmu na Nijar sun sha irin wannan a Janairun 1994 da aka karya darajar sefa da rabi, suka kwana suka tashi bashinsu ya ninka.

Don haka sauƙin ruwa ba shi ne tambayar ba. Ke in kika ci bashi kika saro kaya masu tafiya, ko da ruwa za ki fita. In kika yi anko da shi ko ba ruwa kin shiga uku. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, kilomita 186, akwai bashin dala miliyan 500 na bankin Exim na China a cikin kuɗin da aka yi shi, aka buɗe a 2016, kuma amfaninsa bai tsaya a kuɗin tikiti ba, duk wanda ya san hanyar nan lokacin masu garkuwa ya san haka, amma tikitin a naira ake saye bashin kuma ba a naira ba. Mun taɓa fita daga ramin nan fa, a 2005 zamanin Obasanjo da Ngozi Okonjo-Iweala ƙasashen da ke bin mu bashi, waɗanda ake kira Paris Club, suka yafe dala biliyan 18 muka biya biliyan 12, kuma babban ɓangare na abin da ake bin mu lokacin ruwa ne da tarar jinkiri da suka taru. Hukuncin kuɗin ruwa a addini kuma da kika tambaya a ƙarshen saƙonki, wanda ban buga ba, wannan na malamai ne ba zan shiga gonarsu ba.

TAMBAYA: Jikana ne ya rubuta min. Ni manomi ne a Funtuwa, na ga zuwan aikin gona na Bankin Duniya tun ina saurayi, yanzu ma ga wani an kafa allo a bakin hanyarmu. Mu da ba mu yi boko ba ta yaya za mu san ko an yi abin da aka ce?

AMSA: Baba ina gaisuwa, Allah ya ƙara lafiya. Ai ku ne tarihin, don Funtuwa da Gusau da Gombe su ne na farko a tsakiyar shekarun 1970, daga kansu aka bazu jiha-jiha har aka samu irin su hukumar raya noma ta KNARDA a Kano. Masu makin bankin da suka dawo suka duba ayyuka shida na wannan layin da aka yi tsakanin 1979 da 1990, biyu kawai suka ce sun gamsar. Noman damina bai kai inda aka yi hasashe ba, abin da ya kama ƙasa sosai shi ne ƙaramin abu, injin ban-ruwa da 'yar rijiyar da ake bugawa a fadama, wanda manomi ke iya saye ya gyara da kansa, daga nan ma aka samo shirin Fadama a farkon shekarun 1990. Na tabbata wannan kun riga su sani da shekaru, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ga abin da za ku yi da sabon allon. Jikan naku ya ɗauki hotonsa da waya, ya nemi sunan shirin a shafin bankin na intanet, kowane aiki yana da lamba mai farawa da harafin P, kuma tun 2010 bankin ya buɗe yawancin takardunsa ga kowa. Takardun da Turanci suke kuma masu kauri ne, kar ya tsorata, ya wuce can wajen ƙarshe inda aka jera abin da aka yi alkawari da adadi, hanya kilomita nawa, manoma nawa, rumbu nawa. Ya karanta muku ya fassara a majalisa bayan la'asar. Sannan ku samu littafi ɗaya ku riƙa rubuta abin da ya iso garinku da ranar da ya iso da wanda ya karɓa, da ranar da ya lalace in ya lalace. In baƙi sun zo da fom kar ku bar mai gari da shugaban kwamiti su kaɗai su yi magana, a kira mata ma. In kuma aikin ya cutar da ku, kamar a ci gona ba diyya, bankin yana da kwamitin sauraron koke da aka kafa a 1993 bayan rikicin madatsar Narmada a Indiya, mutum biyu ma sun isa su rubuta masa, amma sai kun fara kai kuka wurin masu aikin kun ajiye shaidar kun kai.

Baba in kun ƙirga, jikan ya turo min abin da takarda ta ce da abin da kuka samu a ƙasa, zan buga su gefe da gefe a wannan shafin yadda kuka aiko.